Wato, ka gane, donk: me ke kama bakin mutane in sun riƙe mikro?

Mushe na Wadata: Salamu alaikum jama'ar gurup, barkanmu da dare. Ina da tambaya kuma don Allah kar kowa ya ce da shi nake. Me ya sa mutanenmu na Tawa in an miƙa musu mikro sai magana ta gudu a bar mu da wato, wato dai, e to, ka gane? Mutum ne a fada ya fi kowa baki, in yana ba da labarin kokowa har ka ji kamar kana cikin fili, amma ranar da aka ce tashi ka yi wa iyayen yara bayani a lakkwal sai ka rantse ba shi ba ne. Ciwo ne ko sabo ne ko rashin shiri?

Auta: Mushe ai ku ne kuka koya mana 😂 mushenmu na lissafi a koleji "nespa" ne numfashinsa, mu a bencin baya abin da muke rubutawa ke nan, layi layi a bayan kaye

Ɗan Abijan: Mu nan "kwa" na. Dut maganar da mutum yay yi sai ya sa mata kwa ga wutsiya. Na tahi kasuwa kwa, kuɗɗi sun ƙare kwa. Da niz zo gida salla tsohuwata tac ce mi na kwa, kwaɗo kaz zama?

Auta: 😂😂 Yaya Allah ya bar mana Inna

Hajiya ta Yamai: Wa alaikumus salam. Mushe ni wato ba ta dame ni ba walle, wadda ke kashe ni ita ce "a taƙaice". Duk wanda ya ce a taƙaice to ka gyara zama. Kwanan baya an gayyace mu taron ƙungiyoyin mata, tun hantsi muna zaune ƙarƙashin rumfa kan kujerun roba, rana ta juyo ta shigo ta gefe mata sai jan kujeru suke ƙiiii suna bin inuwa, piyawatan da aka raba ya koma ruwan zafi, yara na kuka a bayan uwayensu, shi ko babban baƙo ya ce daga ƙarshe, muka fara ɗaure gyale, sai ya ce kafin in rufe bakina, muka kwance, sai ya ce abu na ƙarshe da zan ƙara, wata tsohuwa kusa da ni ta ce da ƙarfi yaro ƙarshen naka guda nawa ne. Ban san sadda dariya ta ƙwace min ba

Mai kabu-kabu: Allah ya saka ma tsohuwar nan

Mushe na Wadata: Hajiya wannan ma wani babi ne. Amma ina Baba tsohon ɗan rediyo, na ga yana karantawa ya yi shiru

Baba ɗan rediyo: Ina nan Mushe, gilashina nake nema. To ni dai abin da zan ce, na ci tuwo da irin waɗannan kalmomin, don yanke su na cikin aikina. Zamaninmu da zare ake ɗaukar murya, in ka dawo daga hira sai ka ɗora shi kan na'ura, ka juya da hannu a hankali har ka ji inda eeee ɗin ya fara, ka sa alama da fensir mai maiƙo, ka nemo inda ya ƙare, ka sa reza ka datse ka liƙe da salatef. In ka yi hira da wani babba ƙasan teburinka duk guntayen zare ne, mai shara ya kwashe e e ɗin minista ya kai bola. Yaran yanzu da kwamfuta suke yi, suna ganin muryar a allo, kafin su saurara ma sun san siffar eee don doguwa ce shafaffa ba tudu ba gangare. Abin da na gano a aikin nan, ba duka iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke neman kalma, ya san abin da zai faɗa sunan abin ne ya ɓace masa, shi in ka yanke maganarsa na zama daidai. Akwai wanda tsoro ne, muryar ma rawa take. Akwai kuma wanda ba shi da abin faɗa ko kuma ba ya son ya faɗa, ka tambaye shi ina kuɗin rijiya suka shiga ya ce to a gaskiya wato kamar yadda kowa ya sani babu shakka wannan tambaya ce mai muhimmanci. Shi wannan in ka yanke duk cikon ba abin da zai rage a zaren sai sallama

Auta: Baba 😂 to sai ku sa me a labarai?

Baba ɗan rediyo: Sai mu sa sallamar ɗiyata. Kuma wani abu, in ka share duka tas har numfashi, mai sauraro na jin wani iri, ya ce wannan karatu yake ko an gyara. Mukan bar ɗaya biyu da gangan

Ɗalibar jami'a: Yauwa Baba ka taɓo inda nake jira. Ni ina jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sashen harsuna kuma an yi mana wannan a aji. Wasu masana biyu na Amurka, Herbert Clark da Jean Fox Tree, sun fitar da bincike a 2002 kan "uh" da "um" na Ingilishi, suka ce ba shara ba ce, sanarwa ce mai magana ke yi cewa zan ɗan dakata, uh in dakatawar gajeruwa ce, um in za ta ɗan yi tsawo. Kamar kana ce wa abokin hira kar ka karɓe min magana ban gama ba ina lalubo ta. Kowane harshe na da nasa, Larabawa ya'ani, Faransawa euh, mu wato da abin nan. Don haka ni ban yarda ciwo ne ba Mushe, har wanda ya fi kowa iya magana yana yi, Obama ma da ake yabo in ba takarda gabansa uh uh ɗinsa sananne ne

Mushe na Wadata: Ƙanwata na ji, amma ke da bakinki kin ce don kar a karɓe maka magana. A fada haka ne, ka yi shiru na daƙiƙa biyu wani ya fizge. To wanda ke kan mumbari da mikro a hannu wa zai karɓe masa? Filin nasa ne shi kaɗai. Me yake tsaro?

Ɗalibar jami'a: Baki bai san an canza wuri ba Mushe, abin da ya saba a fada shi zai kai taro

Malam na Kwanni: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na ga ana ta kawo na Turawa, bari in ce malamanmu sun riga su da nisa. Al-Jahiz mutumin Basra, wanda ya rasu wajen shekara ta 868, a littafinsa Al-Bayan wat-Tabyin ya kawo cewa an tambayi Al-Attabi wane ne mai balaga, ya ce duk wanda ya fahimtar da kai buƙatarsa ba tare da maimaici ba, ba sarƙewar harshe, ba neman agaji. Aka ce maimaici da sarƙewa mun gane, mene ne neman agaji? Ya ce ba ka ganin mutum in yana magana duk inda ya kai gaɓa sai ya ce ya kai wannan, saurare ni, fahimce ni, ba ka gane ba? Ya ce wannan duk gajiyawa ce. Ku duba fa, "ka gane" ɗinmu ce sak, shekara fiye da dubu da suka wuce

Ɗan Abijan: Allahu akbar, ashe ka gane tsohuwa ta

Mai kabu-kabu: Allah gafarta Malam kar ka ji haushi, amma ku malamai kun hi kowa. Wa'azin dare guda "kun gane ko" da "ko ba haka ba jama'a" ba su ƙidayuwa. Kuma wani in karatu ya ɓace mai sai ya ce ku yi ma Annabi salati, mu muna salati shi yana buɗa littahi yana bidar wurin

Hajiya ta Yamai: Kai yaron nan ka kiyayi bakinka

Malam na Kwanni: Ƙyale shi Hajiya, gaskiya ya faɗa kuma ban tsame kaina ba. Salati dai ko ta wane hali aka yi an samu lada, ban hana ba, kuma in hayaniya ta tashi a masallaci ba abin da ke kwantar da ita kamarsa. Amma a rarrabe abu biyu. Ya tabbata a Bukhari daga Anas cewa Manzon Allah SAW in ya faɗi kalma yakan maimaita ta sau uku don a fahimta. Nana Aisha kuma ta ce ba ya zuba zance a jere kamar yadda kuke yi, yana magana ne yadda in mai ƙirga ya so ƙirga kalmomin zai ƙirga. Wannan maimaici ne na niyya, an zaɓi kalmar da ake son ta zauna. Namu kuwa kalmar da ba ta ɗauke da komai ita muke maimaitawa, mai nauyin mu wuce ta da gudu. Sannan shi Al-Jahiz ya ba da labarin Wasil ibn Ata, harshensa ba ya iya fitar da harafin ra, sai ya horar da kansa har yakan yi huɗuba doguwa ba ra ko ɗaya a ciki, in zai ce alkama ba ya cewa burr sai ya ce ƙamh ko hinɗa. Mutum ya kauce wa harafi sukutum, mu a ce mun kasa kauce wa wato?

Ɗalibar jami'a: Malam wancan ai ya san inda ra take tun kafin ya iso ta, ita wato ba ka sanin ta fito sai wani ya gaya maka

Malam na Kwanni: Wannan kuma haka ne ɗiyata

Tafinta: Ku ba ni wuri ni ma, don ni nake shan wahalar abin nan fiye da kowa. Aikina fassara a tarukan ƙungiyoyi da na ma'aikatu, daga Yamai har ƙauyukan Keita da Buza da Illela. Abin da ban ji kowa ya faɗa ba, yawancin wato ɗin manyanmu fassara ce suke yi a tsaye. An rubuta masa jawabi da Faransanci, a ofis da Faransanci aka tattauna, shi kansa tun daga aji ɗaya da Faransanci ya koyi duk abin da ya shafi aiki, sai an iso gaban talakawa a ce ranka ya daɗe a yi da Hausa. Ido na kan takarda yana karanta Faransanci baki na ƙoƙarin fitar da Hausa, jimlar Faransancin ofis kuma doguwa ce sai ka yi layi uku ba ka iso aikatau ba, to ina zai sami lokaci in ba wato ba? Sai ka ji "wato a cikin kadar na wato desantiralizasiyon, setadir wato mulki ya sauko, donk wala". Ya fara da Hausa ya tsallaka Faransanci ya ce setadir ya dawo ya kasa ya ce wala ya rufe. Tsoho na zaune kan tabarma yana gyaɗa kai don ladabi. Bayan taro ya jawo ni gefe ya ce yaro me aka ce, za a gyara mana famfon ko ba za a gyara ba

Auta: wala ɗin nan 😭 in mutum ya ce wala ka san ya miƙa wuya

Tafinta: Kuma abin zai ƙaru ne ba raguwa ba. Tun da dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, jawabi da Hausa gaban jama'a zai yi ta yawa. Ni shawarata kullum ga wanda ya tambaye ni, kar ka hau da takardar Faransanci. Zauna tun dare ka tambayi kanka abu nawa nake son mutanen nan su koma gida da shi, ka faɗa wa matarka ko direbanka da Hausa, inda suka ce me kake nufi to nan ne gobe za ka yi wato. Kalmomin ma ai akwai su, Muryar Sahel ta daɗe tana labarai da Hausa, BBC Hausa tun 1957 take, Studio Kalangou tun 2016 suna yi da harsuna biyar, kasafin kuɗi, ƙananan hukumomi, rigakafi, sauyin yanayi, duk an riga an sa musu suna, sauraro ne ba a yi

Mushe na Wadata: Wannan gaskiya ne. Amma wanda na ba da misali da shi bai yi lakkwal mai zurfi ba, Hausa zalla yake yi kuma duk da haka ya sarƙe

Mai kabu-kabu: To bari in hwaɗi tawa ko da ban yi boko ba. Ku 'yan lakkwal kun cika son gyara ma mutane baki. Ni kakana mai gari na, ban taɓa jin yac ce wato ba, kuma shari'ar gona shika yi tun sahe hal azahar. Kun san dalili? In yay yi magana guda sai ya tsaya, na kusa da shi su ce ranka shi daɗe, wani ya ce hakanan na, wani ya ce gaskiya ta, shi ko yana jan tazbaha yana shirya ta gaba. Ba shi ka cika wurin ba, mutane ka cika mai. Yanzu ku kun kai mutum bisa dandamali, kun jera mutane nesa bisa kujeru kowa ya ƙura mai ido ba mai cewa uhum, wasu na danna salula, to dole ya yi ma kainai amshi

Baba ɗan rediyo: Kai! Ɗana maimaita wannan. Shekarun da na yi a aikin nan ban taɓa haɗa shi haka ba

Ɗalibar jami'a: Walle Yaya ka ba ni sujen memwar 😂 da gaske fa, ku duba duk maganar gargajiya tamu ta mutum biyu ce. Tatsuniya sai an ce ta zo mu ji ta. Makaɗi na da 'yan amshi. Mai tafsiri na da mai jan baƙi, yana jan aya malam na numfasawa yana tuna abin da zai ce. Sarki na da mai ɗaga maganarsa ya isar wa jama'a. Ko a waya in kana magana ɗayan bai ce na'am ko to ko uhum ba sai ka ce alo kana ji na? Wanda ke cewa ka gane ka gane a taro na'am ɗin nan yake roƙo ba a ba shi ba

Malam na Kwanni: To ashe "ko ba haka ba jama'a" ɗinmu na da asali, Mai kabu-kabu ka wanke mu da bakinka

Mai kabu-kabu: A'a Malam ban wanke ku duka ba 😂

Mushe na Wadata: Na karɓi rabi. Don in haka ne me ya sa masu sharhin kokowa ba sa yi? Su ma ba mai amsa musu, mikro ne da su kawai. Ku saurari gasar takobi ta kokowar ƙasa a rediyo, wadda aka fara nan Tawa a 1975, mutum ya yi ta zuba ba wato ko ɗaya

Baba ɗan rediyo: Suna yi Mushe, nasu ado ne da shi shi ya sa ba ka gani. In 'yan kokowa sun tsaya suna zagaye juna an yi minti biyar ba wanda ya kama wani, me mai sharhi zai ce? Sai ya shiga kirari, ya faɗi garin ɗan kokowa da ubangidansa da wanda ya kayar bara, ya gai da gwamna ya gai da sarkin kokowa ya ce jama'a fili ya cika maƙil. Ciko ne shi ma, sai dai an tanade shi tun gida. Maroƙa ma haka suke, suna da jimlolin da suka haddace da suke jefawa kafin sunan na gaba ya zo musu. A rediyo shiru haramun ne, in ka yi shiru mai sauraro zai zaci pil ya mutu ya murɗa wata tasha. Amma a zauren taro ana ganinka, shiru ba ya kashe kowa. Daƙiƙa biyu da kai kake ji kamar shekara, su a wurinsu ka yi kama da mai tunani ne

Hajiya ta Yamai: Ni dai kar gyaran nan ya kai ku ga cire fa da dai da kam. Akwai wata 'yar ƙanwata da ta yi wani horo na iya magana ta dawo tana magana a bushe kamar mai karanta takardar asibiti

Ɗalibar jami'a: A'a Hajiya waɗannan daban ne. Fa, dai, kam, ma, kuwa, kuma, su ne ake ce wa gishirin Hausa, kowace da aikinta. "Ni zan je" da "ni dai zan je" da "ni fa zan je" da "ni ma zan je" ai ba magana ɗaya ba ce. Gwajin mai sauƙi ne, cire kalmar ki ji, in ma'ana ko zafin maganar ya canza to ba ciko ba ce. Wato ma kanta tana da wurinta, in ka faɗi abu mai wuya za ka warware shi. Inda ta lalace shi ne a ce wato sannan ba a warware komai ba

Ɗan Abijan: To maganin hwa? Kun yi ta bayani, ni watan gobe ni ka magana ga taron 'yan Ader na nan, kuɗɗin asusu za ni bayani, kwa ɗina za ta kashe ni

Auta: Yaya ka saurari bokal ɗinka na jiya da ka turo gurup ɗin gida, minti huɗu, rabi kwa ne rabi "ina nufin"

Ɗan Abijan: Ke Auta zan zo gida hwa

Baba ɗan rediyo: Wasa take amma maganin ke nan. Ba wanda ke jin nasa sai ya ji shi daga waje. Ɗauki kanka a salula kana bayanin, ka saurara kai kaɗai, za ka ji kunya, ka sake. Kar ka ce za ka kashe duka, kama guda ɗaya wadda ta fi yawa. Kuma ka rage gudu, yawanci baki ne ke riga kai isa. Jimlar farko da ta ƙarshe ka haddace su, don a nan aka fi sarƙewa, ta farko tsoro, ta ƙarshe rashin sanin inda za a sauka, shi ne ciwon babban baƙon Hajiya. Lissafin kuɗi kuma rubuta shi a takarda ka karanta, in ka yi eee a kan adadin kuɗin asusu za a ce ka ci ne

Tafinta: Akwai wata ƙungiya Toastmasters da aka kafa a Amurka a 1924 don koyon magana gaban jama'a, a kowane zamansu akwai mutum guda da aikinsa kawai ƙirga irin waɗannan kalmomin, in an gama ya tashi ya karanto wa kowa nasa. Kuma can ba sa ɗaukarsa wasa, a 2008 Caroline Kennedy ɗiyar tsohon shugabansu tana neman kujerar sanata ta New York, ta yi hira da 'yan jarida ta ce "yu no", ka sani ke nan, fiye da sau ɗari, jaridu suka bar abin da ta faɗa suka koma ƙirga

Mai kabu-kabu: Kun gani, wanga shi na abin da ban so. A bar magana a koma ƙidaya. Mutum na iya yin wato ɗari ya hwaɗi gaskiya, wani ya zuba zance santsi ba tuntuɓe ya cuce ku. 'Yan siyasa nawa munka ji masu zaƙin baki?

Mushe na Wadata: Ba wanda ya ce mai wato maƙaryaci ne. Amma in uwa ta bar surfe ta zo taron lakkwal don ta ji ranar jarabawa da abin da za ta biya, ta tashi ba ta gane ba don an binne shi cikin ka gane, an cuce ta ko da da gaskiya aka zo

Hajiya ta Yamai: Kuma ku ƙara da gaisuwa. Mai girma wane, mai girma wakilin wane, mai martaba, masu girma, kowane mai jawabi sai ya sake jero su daga sama har ƙasa, mutum shida su yi magana a gaida mutum ɗaya sau shida

Baba ɗan rediyo: Wannan Hajiya ba ni taɓa shi, ka tsallake sunan wani a jerin nan ka ga yadda ake fushi har shekara. Wanda ya buɗe taro ya jero su, sauran su ce bayan gaisuwa ga manyan da aka ambata, ya wadatar. Amma wa zai fara

Malam na Kwanni: Ɗan Abijan kafin ka tashi ka karanta addu'ar Annabi Musa ta cikin suratu Ɗaha, rabbishrah li sadri har zuwa wahlul uƙdatan min lisani yafƙahu ƙauli. Amma ka yi shirin da Baba ya ce, kar ka bar wa addu'a aikin takarda

Ɗan Abijan: Na gode Allah gafarta Malam. Zan nemi mutum biyu su zamna gaba suna ce min hakanan na, dabarar Mai kabu-kabu

Mai kabu-kabu: Jaka guda guda za ka ba su

Mushe na Wadata: To ni ga shawara, taron tsofaffin ɗalibai na ran asabar mu gwada abin Tafinta, a sa mutum guda ya ƙirga wa duk wanda ya tashi. Hajiya ke za ki zo Tawa ai, ko ke za ki riƙe biro?

Hajiya ta Yamai: Ni? Shugaban taron yayan maigidana ne, in tashi gaban mutane in ce Yaya ka yi wato talatin? Ku nemi wadda aurenta bai dame ta ba

Auta: Ni zan yi 🙋🏾‍♀️ amma daga bencin baya kuma sai na bar garin zan turo sakamako

Mushe na Wadata: Ban da ni a lissafin

Auta: Da kai za a fara Mushe, nespa?